Mace Mai Binciken Kisa a Labaran Ƙirƙira

Labarin laifi tsohon abu ne a adabin Hausa, amma mai binciken laifi baƙo ne. A cikin Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fito a ƙarshen shekarun 1930, akwai ɓarayi da 'yan damfara da yawa. Sai dai sarki ko alƙali ne yake tona asirinsu, wani lokaci kuma dubararsu ce take juye musu. A Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, ramuwar gayya ce take jan labarin, babu ɗan sanda mai bin sawu. Ko a 1982, da Bature Gagare ya fitar da Ƙarshen Alewa Ƙasa, hankalin mai karatu yana kan ɗan ta'addan ne.

Dalilin a fili yake. Marubuci yana ɗaukar jaruminsa daga abin da jama'a suka sani. A ƙasar Hausa kuwa, a fada da gaban alƙali ake warware shari'a. Aikin ɗan sanda irin na zamani ya zo da Turawa, kuma sai a 1955 aka fara ɗaukar mata a rundunar 'yan sandan Nijeriya.

A Ingila, Agatha Christie ta fitar da littafin farko na Miss Marple a 1930, tsohuwa mai gano mai kisa ta hanyar lura da halin mutane. A 1998 aka sami Mma Ramotswe ta Botswana. A Abidjan, inda Hausawa suka daɗe suna kasuwanci a Treichville da Adjamé, Marguerite Abouet ta gina labarin Commissaire Kouamé, wanda ya fito a 2017. Mace ce ta rubuta shi, amma mai binciken namiji ne. A 2018 Oyinkan Braithwaite ta juya al'amarin a Legas: a littafinta, mai kashe mutane ɗaya bayan ɗaya mace ce, yayarta kuma tana rufa mata asiri.

Marubuta mata na Kano, irin su Balaraba Ramat Yakubu, sun bi wata hanya. Sun shiga cikin gida, inda ɗan sanda ba ya shiga, suka bayyana zaluncin da ake ɓoyewa a aure. A adabin Hausa, marubuciya ce ta fara yin aikin mai bincike.