Makwancin matafiyi a kan tsauni

Makwancin matafiyi a kan tsauni shi ne wurin kwana na wucin gadi da mai tafiya a ƙasa yake ɗauke da shi a jakar goyo, ya kafa idan dare ya yi, ya naɗe da safe. Iri biyu ne suka fi yaɗuwa. Akwai gadon raga, wato ƙyalle ko raga da ake ɗaurewa tsakanin bishiyoyi biyu mutum ya kwanta a ciki yana reto, akwai kuma makwancin ƙasa, wanda ya haɗa da tanti, rumfar tamfol, ko shimfiɗa kawai a fili. Abubuwa biyu ne suka fi yanke hukunci wajen zaɓi: ko akwai bishiyoyi a wurin, da kuma ta inda sanyi zai shigo wa mai barci.

Asalin kalmomi

Gadon raga ya samo asali ne daga mutanen tsibiran Karibiyan da Amurka ta Tsakiya da ta Kudu. Sifaniyawa sun gan shi a wurin ƙabilar Taino a tafiyar Kolumbus ta 1492, suka ari sunan ya zama hamaca a harshensu, daga nan ya shiga Turanci da Faransanci. Jiragen ruwan Turai sun karɓe shi tun ƙarshen ƙarni na 16, domin ba ya cin wuri kuma ba ya zubar da mai barci idan jirgi na tangaɗi. A Hausa kuwa kalmomin makwancin ƙasa ne suka fi yawa. "Laima" aro ce daga Larabci, "tanti" daga Turanci, sannan ga bukka, rumfa, tabarma da buzu. Wannan rinjaye na kalmomi yana nuna irin kwanan da matafiyan ƙasar Hausa suka saba da shi.

A Baure da ƙasar Daura

Baure ƙaramar hukuma ce a masarautar Daura, jihar Katsina, a kan iyakar Najeriya da Nijar. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai jigawa, babu babban tsauni a cikinta, amma kwana a hanya ba baƙon abu ba ne a yankin. Maƙwabciyarta Zango tana ɗauke da sunan wurin da ayari ke sauka ya kwana. Fatake na da, da makiyaya da 'yan ci-rani na yanzu, duk a ƙasa suke kwana: a share wuri daga ƙaya da ƙarangiya, a shimfiɗa tabarma ko buzu, a jera kaya ta ɓangaren da iska ke fitowa, a hura wuta. Idan zama zai yi tsawo sai a kafa bukka a ɗaura gadon kara, wanda ke ɗaga mutum daga ƙasa saboda kunama, gara da maciji, musamman kububuwa.

Dalilin rashin gadon raga a nan a fili yake ga wanda ya san gonakin yankin. Gadon raga yana bukatar bishiyoyi biyu masu ƙarfi da tazarar mita 3 zuwa 5 a tsakaninsu. Gawo da kuka da kanya da aduwa kuwa a warwatse suke, kowace ita kaɗai a tsakiyar gona, kuma gindin kuka ya fi ƙarfin igiyar matafiyi. Sai a layin darbejiya na bakin hanya ko harabar makaranta ake samun tazarar da ta dace.

Haka abin yake a tsaunukan da suka fi kusa da ƙasar Hausa ta arewa, wato duwatsun Azbin a jihar Agadas. Can ne Idukal-n-Tagas yake, a kan tudun Bagzan, mai tsayin mita 2,022, wuri mafi tsayi a Nijar. Abzinawan yankin suna yin laimarsu da tabarmin kaba, su kafa gadon itace mai ƙafafu a ciki, wanda ake kwancewa a ɗora wa raƙumi. Mazan ayarin gishiri da ke zuwa Fachi da Bilma, sannan su gangaro kudu neman gero, a kan yashi suke kwana cikin bargo, a bayan kayansu.

Sanyi

Matsakaicin lissafi shi ne zafin iska yana raguwa da digiri 6.5 a ma'aunin Salshiyas a duk hawan mita 1,000. Wanda ya tashi daga fili irin na Daura, wanda bai kai mita 600 ba, ya hau Chappal Waddi a jihar Taraba, tsauni mafi tsayi a Najeriya mai mita 2,419, zai tarar da bambancin kusan digiri 12 saboda tsayin kaɗai, kafin a ƙara iska da raɓa.

Mai kwana a ƙasa da mai kwana a raga duka ta baya suke asarar ɗumin jiki, amma hanyar ta bambanta. Bargo ko buhun barci yana riƙe ɗumi ne saboda iskar da ke maƙale a cikin audugarsa. Inda nauyin jiki ya danne shi, iskar ta fita, ba ya tsare komai. A ƙasa, ƙasar ce ke tsotse ɗumin kai tsaye, kuma maganinta shimfiɗa mai kauri: katifar soso, katifar iska, ko buzu mai gashi, wanda aikinsa ke nan tun fil azal. A raga kuwa iska ce ke wucewa ta ƙarƙashin mutum duk dare tana kwashe ɗumin, kuma ba ta ɗumama yadda ƙasa ke ɗan ɗumama bayan an jima a kanta. Shi ya sa masu kwana a raga ke fara jin sanyi a gadon baya tun zafin iska yana wajen digiri 20, yanayin da mai tabarma ba zai ko nemi bargo ba. Maganinsu shi ne wani bargo na musamman da ake ratayewa a wajen ragar ta ƙasa, inda jiki ba zai danne shi ba.

Nan ne ake yawan ruɗuwa a kan nauyi. Raga ita kaɗai ba ta kai rabin kilo ba, sai a ɗauka ta fi tanti sauƙin ɗauka. Idan aka haɗa ta da tamfol na ruwan sama, gidan sauro, igiyoyi da bargon ƙasa, nauyin yakan zo daidai da na ƙaramin tanti da katifarsa, wani lokaci ma ya wuce.

Iyakar bishiyoyi

A kowane babban tsauni akwai tsayin da bishiyoyi ke ƙarewa saboda sanyi da iska, sai ciyawa da duwatsu. A tsaunukan Alps na Turai iyakar tana wajen mita 2,000. A Kilimanjaro ta Tanzaniya, mai mita 5,895, kurmi yana ƙarewa wajen mita 3,000, kuma masu hawa suna kwana ne a tanti, in ban da hanyar Marangu mai ɗakunan kwana. Daga wannan iyaka zuwa sama gadon raga ba shi da amfani, sai dai a shimfiɗa shi a ƙasa kamar zane. Masu hawan bangon dutse suna da wani gado mai firam da suke maƙalawa a jikin dutse, amma wannan sana'a ce daban da kayanta.

A Najeriya ba sanyi ne kaɗai ke hana bishiya a tudu ba. Saman tsaunin Mambila da duwatsun Shere na kusa da Jos, masu kaiwa mita 1,829, yawanci ciyawa ce da fako, kurmi kuwa yana cikin kwazazzabai da bakin rafuka.

Inda raga ta fi

A kurmin gandun dajin Gashaka Gumti, wanda aka kafa a 1991 kuma Chappal Waddi ke gefensa, lissafin yana juyawa. Ƙasa a jiƙe take, ga gangara, ga saiwoyi, ga kwarkwasa. Samun fili mai faɗin tanti yana da wuya, bishiyoyi kuwa ko'ina. Mai raga ba ruwansa da gangara ko laka, kuma ruwan da ke malala a ƙasa yana wucewa ta ƙarƙashinsa. Da yawa kuma sun fi jin daɗin bayansu a raga idan suka kwanta a ɗan karkace maimakon miƙe tsakanin igiyoyin.

Ɗaurin yana da ƙa'ida. Ana so igiya ta sauko daga bishiya da kusurwar digiri 30, domin a wannan kusurwa kowace igiya tana ɗaukar ja daidai da nauyin mutumin. Idan aka ɗame ta har kusurwar ta koma digiri 10, jan yana kusan ninka nauyin sau uku, abin da ke tsinka igiya ko ya jawo ruɓaɓɓen itace a kan mai barci. Ana amfani da ɗamara mai faɗin aƙalla santimita 2.5 maimakon siririyar igiya, don kada a yanke ɓawon bishiya, kuma ba a rataye raga sama da tsayin kujera.

Haɗura

Tanti yana tsare iska da ƙura fiye da raga, amma rufaffen wuri ne, kuma kunna gawayi ko risho a cikinsa yana tara iska mai guba marar wari da ke kashe mutum cikin barci. Kafa shi a busasshen rafi ma haɗari ne. A Azbin ruwan da ya sauka a kan duwatsu masu nisa yana iya cika kwari cikin ɗan lokaci ko da ba a ga hadari a wurin ba. Mai raga kuwa abin tsoronsa yana sama: busasshen reshe, da tsawa da ke faɗa wa dogayen bishiyoyi a kan tudu. Tanti ma ba ya kare mutum daga tsawa, don haka da damina ake sauka daga ƙololuwa kafin a yada zango.

Masu tafiyar da za ta ratsa kurmi sannan ta fita saman iyakar bishiyoyi sukan ɗauki tamfol da katifar soso tare da raga mara nauyi. A kurmi su sa katifar cikin ragar, a sama kuma su kafa tamfol ɗin da sandunan tafiya su kwanta a ƙasa.