Yadda Mashayar Ƙauyen Ingila Ta Koma Gidan Cin Abinci

A daren 5 ga Agusta, 2023, gobara ta cinye wata tsohuwar mashaya da ke Himley, kusa da garin Dudley a tsakiyar Ingila. Kwana biyu bayan haka motar rusau ta zo ta share abin da wuta ta bari. Crooked House ake kiran wurin, wato Karkataccen Gida, domin haƙar ma'adinai ta sa ƙasa ta zaftare a ƙarƙashinsa har gefe ɗaya ya nutse da sama da mita guda. An gina shi a 1765 a matsayin gidan gona. Mutanen yankin sun yi ca, har suka riƙa kwana suna gadin bulullukan da suka rage. A Fabrairun 2024 ƙaramar hukumar Kudancin Staffordshire ta umarci masu filin su mayar da ginin yadda yake, su kuma suka ɗaukaka ƙara.

Wanda bai san ƙauyen Ingila ba zai yi mamakin wannan kuka a kan gidan giya. Amma a can mashaya ita ce majalisar gari. Nan ake jin wa ya rasu, wa ya sayar da gona, nan ake taruwa bayan biki ko binne gawa. Cikakken sunanta ma a bakinsu "gidan jama'a" ne.

Farkon labarin a dunƙule yake. Rumawa da suka shigo a shekara ta 43 Miladiyya sun kafa masaukai a bakin hanyoyinsu. Bayan su, ƙarnuka da dama, mata ne ke dafa giyar sha'ir a cikin gida, wadda tata ta nuna sai ta kafa sanda a ƙofa don maƙwabta su sani. A 1393 Sarki Richard na Biyu ya wajabta rataya alama domin masu duba ingancin giya su gane wurin, kuma daga nan allunan nan masu zanen zaki ko kambin sarauta suka samo tushe. A 1552 aka fara neman lasisi daga alƙalan yanki.

Dokar 1830 ce ta cika ƙauyuka da mashayu. Gwamnati na son raba talakawa da barasa mai ƙarfi, sai ta ba duk magidanci mai biyan haraji damar sayar da giya a ɗakinsa idan ya biya fam biyu da sule biyu. Cikin shekara takwas an buɗe irin waɗannan gidaje kusan 46,000. Karkataccen Gida ma a wannan zamani ya tashi daga gidan gona ya zama mashaya. Masu zuwa 'yan ƙwadagon gona ne da masu haƙar ma'adinai, da ƙafa suke zuwa, kuma abincinsu a gida suke ci. Abin da mai wuri ke ajiyewa bai wuce burodi da cuku ba.

Ita kuwa giyar ganga da ake wa kirari da "ta gaskiya" a mashayun, sunan bai daɗe ba. A da can haka kowace giya take: ana zuba ta a ganga da ranta, yis ɗinta bai mutu ba, ta ƙarasa nuna a ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai sanyin digiri 11 zuwa 13, sannan a jawo ta da famfon hannu irin wanda Joseph Bramah ya yi wa rajista a 1797. Da zarar an huda ganga, kwana uku ko huɗu ne wa'adinta. Aiki ne mai son kulawa, kuma manyan kamfanoni shida da suka mamaye harkar a shekarun 1960 ba su da wannan haƙurin. Sai suka koma tace giyar, su kashe yis da zafi, su ɗura ta a gangar ƙarfe da iskar gas yadda za ta yi watanni. Tun da su ne masu yawancin mashayun, abin da suka kawo shi ake sha, aka yi ta cire famfunan hannu.

A ranar 16 ga Maris, 1971, wasu samari huɗu daga arewa maso yammacin Ingila, Michael Hardman da Graham Lees da Jim Makin da Bill Mellor, suna yawon hutu a Dunquin ta ƙasar Ayalan, suka kafa ƙungiyar CAMRA don kare giyar ganga. Sun yi jerin gwano a ƙofar masana'antun da ake rufewa, a 1974 kuma suka fitar da kundin da ke nuna inda ake samun ta. Ba don su ba, da wuya famfon hannu ya kai yau.

To, abinci fa? A nan ne ra'ayi ya rabu. Wasu na cewa gwanayen girki na Landan ne suka kawo sauyin, suna kafa hujja da mashayar Eagle da aka buɗe a unguwar Clerkenwell a 1991. Wasu kuma na jingina shi ga hana shan taba a cikin gini daga 1 ga Yuli, 2007, wanda ya jawo iyalai. Duk biyun sun taka rawa, amma sun zo ne a makare. Tukunya ta riga ta hau murhu da shekara ashirin ko fiye.

Mota ce ta yi wannan aiki. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu tarakta ta rage 'yan ƙwadagon gona, ƙauyuka suka yi ƙaranci da mutane, mai mashaya ya dogara ga 'yan birni masu zuwa shan iska a ƙarshen mako. Hukumar cinikin madara ta ga kasuwa, ta yi ta tallar "abincin ranar mai huɗa" a shekarun 1960, wanda burodi ne da cuku da albasa mai tsami. Sai ga dokar 1967 ta Ministar Sufuri Barbara Castle, wadda ta ba 'yan sanda na'urar gwada numfashin direba, ta kuma ƙayyade miligiram 80 na barasa a cikin mililita 100 na jini. Masu mashayar ƙauye sun yi ta tsine mata, har wasiƙun barazana ta samu. Gaskiya tana gefenta, domin mace-mace a kan hanya sun ragu da sama da 1,000 a shekarar farko. Amma wanda ya yi tuƙin mil goma ba zai iya shan kofi biyar ba kuma, don haka dole a sayar masa da wani abu dabam. Kaza da soyayyen dankali a ɗan kwando suka fara bayyana, sai fanken nama, sai gasasshen naman sa na ranar Lahadi. Da aka janye dokar rufe mashaya da rana a 1988, wadda ta samo asali tun Yaƙin Duniya na Ɗaya, kicin ya ƙara samun sarari. A 2001 mashayar Stagg Inn ta ƙauyen Titley ta zama ta farko da ta samu tauraron Michelin.

Masu kishin tsohon yayi na ƙorafin cewa tebur mai cokali da wuƙa ya kori dattijon da ke zuwa hira kawai, kuma ƙorafin ba banza ba ne. Sai dai Birtaniya na da mashaya sama da 60,000 a shekarar 2000, yanzu kuwa wajen 45,000 suka rage, kuma a karkara waɗanda ba sa girki ne suka fi saurin rufewa.

Inda kamfani ya juya baya, mutanen gari kan tashi. A 2003 mazauna Hesket Newmarket da ke Cumbria suka haɗa kuɗi suka sayi mashayarsu, Old Crown, suka mai da ita ta gama kai. Dokar 2011 ta ba al'umma damar yi wa irin wannan gini rajista a matsayin kadarar jama'a, idan za a sayar a ba su wata shida su tara kuɗi. Shi kuwa Karkataccen Gida ba ya da wata kariya ta ginin tarihi lokacin da kamfanin Marston's ya sayar da shi a Yulin 2023, makonni kaɗan kafin gobarar.