Daga Rum zuwa asibitin ido: tarihin ƙullutun fatar ido

Akwai wani ƙullutu da kan fito a fatar ido, kamar ƙwayar wake, babu zafi babu ƙaiƙayi, sai dai ya yi makonni bai gushe ba. Da yawa kan ɗauke shi hazbiya, alhali ita hazbiya zafi gare ta, kuma ƙwayoyin cuta ke haddasa ta.

Tun a ƙarni na 1 miladiyya, marubucin Rum Celsus ya raba su biyu a littafinsa na likitanci. Hazbiya, ya ce a gasa ta da burodi mai zafi ko kakin zuma da aka ɗumama. Shi kuwa ƙullutun da ke motsi idan an taɓa shi da yatsa, a tsaga a cire. Likitocin ido na Bagadaza, irin su Ali bin Isa a farkon ƙarni na 11, su ma sun yi bayaninsa a littattafansu.

Sai a 1666 asalinsa ya fara fitowa fili, lokacin da Heinrich Meibom, malamin likitanci a Helmstedt ta Jamus, ya bayyana ƙananan jakunkunan mai da ke jere a cikin fatar ido, wajen talatin a ta sama, ƙasa da haka a ta ƙasa. Man nasu ne ke hana hawaye saurin bushewa. Idan bakin ɗaya ya toshe, man ya daskare a ciki, naman wurin ya kumbura. A ganina nan ne tarihin ya fi armashi, domin ya nuna gashin da magabata ke wa ido yana da tushe: ɗumi narkar da daskararren mai yake yi.

A ƙarni na 19 likitan ido Desmarres na Paris ya ƙera hantsakin da ake riƙe fatar da shi yayin tsagawa, kuma daga shekarun 1970 likitoci suka fara yi wa ƙullutun allurar magani.

Duk da haka, gashi ake farawa da shi har yau: tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi, minti 10, sau uku ko huɗu a rana, a murza a hankali zuwa wajen gashin ido, a goge kwalli kafin barci. Kada a matse, kada a soke da allura. Idan ya wuce wata guda, ko yana dawowa wuri ɗaya, musamman ga dattijo, a je asibitin ido, saboda akwai wata irin sankara da kan fara da wannan kama.