Don Me Shanunmu Suke Tafiya Kudu da Ransu?

Ƴan'uwa, ran kasuwa a Gidan Rumji, ko Agye, ko Gazawa, kuna ganin ana loda shanu a manyan motoci. La'asar na yi sai su miƙe kudu. To, don me ba a yanka su nan a aika da naman?

Abin ya samo asali tun zamanin Turawa. A 1911 hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano. Biranen Ikko da Badun suna ta cika da mutane masu son nama, ga shi ƙudan tsando ba ya barin shanunmu su daɗe a can. Sai fatake suka shiga sayen shanu a ƙasar Maraɗi. A kora su da ƙafa ta Katsina har Kano, kwana da kwanaki, sannan a sa su jirgi. Sa yana ramewa a hanya, amma yana isa da rai. Ɗanyen nama kuwa, kwana ɗaya cikin zafinmu ya lalace.

Cinikin duk amana ce. Makiyayi bai san falke ba, falke bai san makiyayi ba. Dillali ne ke tsakani. Shi ke shaida sa ba na sata ba ne, ya ci la'adarsa. A kudu kuma mai gida, Bahaushe mazaunin can, shi ke saukar da falke, ya tsaya masa idan mahauta sun ɗauki shanu bashi. Ana yawan zagin dillali. Ni dai ban ga yadda wannan ciniki zai yiwu ba in babu shi.

Bayan samun ƴancin kai, gwamnati ta so ta sake tsarin. A 1967 aka buɗe mahauta mai ɗakin sanyi a Yamai. A 1968 aka kafa kamfanin SONERAN don ya riƙa fitar da nama waje. Daga baya Maraɗi ma ta samu irin wannan mahauta. Amma sanyi yana son lantarki marar yankewa da motoci masu tsada. Mutanen Nijeriya kuma sun fi son naman da aka yanka da safen nan. Ga fata, ga kai, ga kayan ciki, duk kuɗi ne ga mahaucin can.

Sai masifu suka biyo juna. Farin 1973 da na 1984 suka kashe garke, makiyaya suka sayar da abin da ya rage a wulaƙance. Nijeriya ta rufe iyakarta daga 1984 zuwa 1986. A shekarun nan ne kuma daskararren naman Turai mai araha ya cika Kwatano da Abijan. Sai da aka karya darajar sefa a Janairun 1994 fataken kudu suka dawo da ƙarfi.

Tun daga nan, kuɗin sa a kasuwanninmu yana bin naira. Da ta faɗi a 2016, shanu sun faɗi. Da aka rufe iyaka a 2019, da kuma 2023, mai shanu a Gazawa ya ji a jikinsa.

Naman da muka iya fitarwa ba tare da ɗakin sanyi ba shi ne kilishi. Rundawa su feɗe tsoka sirara, su shanya a rana, su tsoma ta cikin labu na tunkuza da yaji, su sake shanyawa, su gasa. A haka yakan yi watanni bai ɓaci ba.