Daga Rinin Gram zuwa Cutar Noma: Tarihin Ƙwayoyin Cutar Baki

Bakano ba ya bukatar a koya masa rini. Ya san akwai zaren da ke kama baba, akwai wanda ke sakinsa da wanki ɗaya. A kan irin wannan hikima aka gina ilmin da za mu duba tarihinsa yau.

A 1683 Leeuwenhoek, mutumin Holan, ya kankaro dattin haƙoransa ya duba da madubi mai ƙara girma, ya ga ƙananan halittu suna motsi. Amma rarrabe su ya yi wuya sai 1884, sa'ad da Hans Christian Gram, likita ɗan Denmak, ya fito da dabararsa a Balin. Akan rina ƙwayoyin da shuni, a zuba aidin, a wanke da sinadarin barasa. Masu kaurin bango su riƙe shunin, masu siririn bango su sake shi, sai a bi su da jan rini.

Da wannan aka gane cewa dasashi mai lafiya galibi masu riƙe shuni ke zaune a kansa. In datti ya taru, iska ta daina shiga, sai masu sakin shuni su rinjaya, dasashi ya kumbura, ya riƙa jini.

Mafi munin ƙarshen wannan shi ne noma, cutar da ke farawa daga dasashin yaro ta cinye kunci da leɓe. Saboda ita aka kafa asibiti na musamman a Sakkwato a 1999. An daɗe ana neman ƙwaya ɗaya da za a ɗora wa laifin. Binciken da aka yi a Damagaram, wanda ya fito a 2013, bai sami baƙuwa ba. Rikicewar zama ya samu tsakanin 'yan gida, bayan yunwa da zazzaɓi sun raunana yaro. Masu magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin cututtukan da aka yi wa sakaci.

Saboda haka uwa a Gwarzo ko Kabo ba ta bukatar madubin likita. Aswaki, ƙoshin abinci, rigakafin ƙyanda, da saurin kai yaro asibiti in dasashinsa na jini, su ne garkuwarta.