Wasiƙa Daga Wiskonsin: Shekarar da Masara Ta Ɓoye Barewa

Yau tarihin wata rigima zan ba ku, wadda aka yi a nan jihar Wiskonsin tsakanin mafarauta da hukuma, kuma ruwan sama da gonar masara suna cikin waɗanda suka haddasa ta.

Sai dai kafin nan, ya kamata ku san matsayin farautar barewa a wajen mutanen nan, don in ba ku sani ba za ku ce abin bai kai a yi rigima a kansa ba. (Barewar da nake nufi ta fi tamu girma nesa ba kusa ba, wutsiyarta fara ce ta ƙasa, namijin yana da ƙaho mai rassa da yake zubarwa duk shekara.) A kowace shekara akwai kwana 9 na farauta da bindiga, ana farawa ranar Asabar ɗin da ke gaban Bikin Godiya na watan Nuwamba. Mutum sama da rabin miliyan ke sayen lasisi, a jihar da jama'arta ba su cika miliyan 6 ba. A 1980 doka ta wajabta wa kowa sa riga ruwan goro mai ɗaukar ido, don kada wani ya ɗauki ɗan uwansa barewa. Mutane kan ajiye hutunsu na shekara saboda waɗannan kwanaki, kaka da uba da jika su tare a bukka ɗaya cikin daji, naman da aka samu kuma shi wasu gidaje ke ci har ƙarshen hunturu.

To ga inda gizo ke saƙar. Mu a gida ba a fita farauta sai an kau da amfanin gona, daji ya buɗe. Wato girbi ne ke ba mafarauci izini. A nan kuwa ranar farauta doka ce ta yanke ta, a rubuce take a kalanda tun kafin a yi shuka. Ranar girbi kuma tana hannun ruwan sama. Yawancin shekaru kalandun biyu kan zo daidai, a kwashe mafi yawan masara kafin ranar buɗewa. Shekarar da suka saɓa ita ce abin labari.

Da can wannan saɓani ba ya damun kowa, saboda barewa da masara ba wuri ɗaya suke ba. Wajen shekarar 1900 an kusan ƙarar da barewa a Amurka, abin da ya rage a ƙasar duka bai wuce rabin miliyan ba, sakamakon sare dazuka da farautar kai nama kasuwa. Dokar Lacey ta 1900 ta taimaka wajen kashe wannan ciniki, dokar Pittman-Robertson ta 1937 kuma ta sa haraji kan bindigogi da harsasai don kula da namun daji. A Wiskonsin barewa ta fara farfaɗowa ne a arewa, inda aka sare manyan itatuwa, ƙananan toho suka fito suka zame mata abinci. Ta yi yawa har ta cinye dajin, tana mutuwa da yunwa a lokacin sanyi. Aldo Leopold, malami a jami'ar jihar da ke Madison, yana cikin waɗanda suka ce mafita ita ce a riƙa harbin mata. A 1943 aka gwada hakan, aka kashe wajen 128,000, mutane suka yi masa ca, suka ce an yi wa daji kisan kiyashi. Ku riƙe wannan, domin gardamar harbin mace ba ta mutu ba.

Daga baya ne barewa ta gangaro kudu, ƙasar noma, ta tarar da aljannar duniya: kurmi kaɗan na kwana, ga masara da waken soya iya ganinka. A shekarar 2000 an kashe sama da 600,000 a jihar, adadin da ba a taɓa kaiwa ba, ba a kuma sake kaiwa ba. Shi ma noman ya sauya. Da ana karyar masara da totonta a zuba a rumbu mai shan iska ta bushe a hankali. Daga shekarun 1960 injin girbi mai sussukewa nan take ya mamaye gonaki. Shi wannan inji nauyi gare shi, in ƙasa ta jiƙe sai ya kafe a taɓo. Ƙwayar masara kuma ba ta ajiyuwa sai laimarta ta sauko wajen kashi 15 cikin 100, in ta fi haka sai an busar da ita da iskar gas, kuma gas kuɗi ne. Saboda haka manomin da ruwa ya dama wa lissafi yakan ga gara ya bar masararsa a tsaye, ko ta bushe da kanta, ko ƙasa ta daskare inji ya iya shiga.

Barewa kuwa abin da take so ke nan. Gonar masarar nan ba irin tamu ba ce, sai ka yi tafiyar kilomita a cikin gona ɗaya, kara ya fi tsawon mutum, a cunkushe. Wanda ya shiga ba ya ganin abin da ya wuce taku biyar. A ciki akwai abinci, akwai mafaka daga iska, ruwa kuma ga shi kwance tsakanin kunyoyi. Da ta ji ƙarar bindigar farko ranar Asabar sai ta faɗa ciki, kuma babu abin da zai fito da ita kafin dare. Mafarauci yana can bisa bishiya a bakin kurmi yana jiran ta gitta kamar yadda ta saba, ita kuma tana kwance kusa da shi bai sani ba. Ko an yi layi an shiga kora, sai ta zagaye masu korar ta koma bayansu. Harbi a cikin kara kuma ganganci ne, tunda ba ka san wa ke ɗaya gefen ba. Ga fadamu da ba su daskare ba, waɗanda mutum ba ya iya ratsawa amma ita tana shiga.

Haka ta faru a 2009. An yi shuka a makare, damina ta zo da sanyi masara ba ta nuna da wuri ba, sannan watan Oktoba ya zo da ruwan da hukumar yanayi ta ce ba a taɓa auna kamarsa ba a wani Oktoba a faɗin ƙasar cikin shekara 115. Ya zuwa 1 ga Nuwamba kashi 25 cikin 100 kawai na masarar Amurka aka girbe, alhali a irin wannan lokaci an saba wuce kashi 70. Aka buɗe farauta ranar 21 ga wata cikin ɗumi da hazo, babu dusar ƙanƙarar da ke tona asirin barewa a kan farin fili. Da aka gama kwana 9 aka yi ƙidaya, abin da aka samu bai kai 200,000 ba, wato ya ragu da kusan kashi 29 cikin 100 kan na 2008, wadda ita ma da ƙorafi aka gama ta.

Hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jiha, wadda ake kira DNR, ta ambaci masara da hazo. Mafarauta suka ce ba su san wannan zance ba, barewar ce babu, kuma hukuma ce ta ƙarar da ita. Abin da suke nufi wata ƙa'ida ce da aka fara a 1996, wadda ta ce a wasu yankuna ba ka da ikon harbin namiji sai ka fara kawo mace an gani. An faɗaɗa ta bayan da aka gano wata cutar ƙwaƙwalwa mai ramar da barewa, CWD, kusa da garin Mount Horeb a 2002. Ƙa'idar ta yi aikin da aka kafa ta dominsa, ta rage garke, amma mafarauta sun tsane ta ƙwarai. Mutum ya ga namiji mai ƙaho irin wanda yake mafarki, dole ya ƙyale shi ya wuce.

A ganina kowane ɓangare yana riƙe da wani yanki na gaskiya, kuma kowa ya ƙi duba na ɗan uwansa. Garke ya ragu a wurare da dama, musamman arewa inda babu masarar da za a ɗora wa laifi, ga kuma hunturu mai tsanani da aka yi a baya. Sannan a 2009 ɗin hukuma da kanta ta dakatar da waccan ƙa'ida a wajen yankin cutar, ta rage takardun izinin harbin mata, don haka dole adadi ya sauka ko da an yi rana ƙal. Amma masarar ma ba ƙarya ba ce. Wahalar ita ce, hanyar da hukuma ke ƙiyasta yawan barewa ta dogara ne da yawan mazan da aka kashe. In masara ta ɓoye su, lissafi ba zai iya bambance barewar da ta mutu da wadda ta ɓuya ba. Shi ma mafaraucin da ya yini a bishiya bai ga komai ba, ba zai iya bambancewa ba.

Daga nan magana ta koma siyasa. Scott Walker, yana neman kujerar gwamna a 2010, ya yi wa mafarauta alkawarin ɗauko wani daga waje ya binciki hukumar. Ya ci zaɓe, a 2011 majalisa ta soke ƙa'idar mace kafin namiji, aka kuma ɗauko Dokta James Kroll daga jihar Tekzas. Rahotonsa na 2012 ya sa aka daina kafa wa kowane yanki adadin barewar da ake so ya kasance, aka koma cewa a ƙara, ko a rage, ko a bar su yadda suke. A 2014 aka kafa kwamitocin gundumomi inda mafarauta da manoma ke ba da shawara. A 2015 kuma aka daina kai barewa gidan mai ko kanti don a yi mata rajista, sai ta waya ko intanet. Tsofaffi har yanzu suna kewar wancan taro, inda kowa ke leƙa bayan motar wani.

Shekara 10 cif bayan 2009 sai Allah ya sake kawo irin wancan yanayi, wannan karon babu ƙa'idar da za a zarga. Shekarar 2019 ita ce ta kafa tarihin yawan ruwa a Wiskonsin. A faɗin Amurka eka sama da miliyan 19 ba a ma samu shuka su ba. Da kaka ta zo, masara jiƙe, kowa na neman gas a lokaci guda har ya yi ƙaranci a jihohi irin su Ayowa. Kalanda ma ta ƙara nata: ranar buɗewa tana yawo ne tsakanin 17 da 23 ga Nuwamba, a 2018 ta faɗo 17, a 2019 ta faɗo 23. Wannan mako guda ba ƙaramin abu ba ne, domin a farkon Nuwamba ne mazan ke barbara, suna yawo ido rufe har da rana tsaka, zuwa ƙarshen wata kuwa sun gaji sun lafa. Ranar da aka rufe farauta, kashi ɗaya cikin uku na masarar jihar na nan tsaye, girbi ya makara da wajen mako 3, arewa kuma dusar ƙanƙara ta toshe hanyoyi a kwanakin ƙarshe. Aka samu kimanin 161,000, alhali a 2018 an samu wajen 214,000. Rubu'i guda ya tafi. A 2020 da aka yi kaka a bushe aka kwashe masara da wuri, adadi ya koma wajen 189,000, ko da yake ranar buɗewa ma ta matso zuwa 21 ga wata.

Wanda ba a cika jin muryarsa a wannan gardama ba shi ne manomi. Shi ne ya biya kuɗin gas, shi ne injinsa ya kafe, kuma masararsa ce barewa ta yi wata guda tana ci. Wadda ta tsira bana kuma ita za ta haifa masa biyu baɗi, a gonar tasa. Akwai diyyar ɓarna da jiha ke biya daga wani ɗan kuɗi da ake ɗorawa kan lasisin farauta, sai dai tana da iyaka, kuma galibi sai manomi ya yarda ya bar mafarauta su shiga gonarsa kafin ya samu. Wasu manoman da mafarauta sukan yi tasu yarjejeniyar: ranar da inji zai cinye kunyoyin ƙarshe na gona, sai a kira maƙwabta su tsaya a bakin kurmi, domin duk abin da ya kwana 9 a ciki a ranar zai fito.

A gaida su Inna da yara duka. Wassalam.