Tambayoyin gyaran jimla a jarrabawar shiga makarantun kasuwanci

Gyaran jimla wani nau'in tambaya ne da ake yi wa masu neman gurbin karatun masta a fannin kasuwanci da gudanarwa. Akan ba ɗalibi jimla ɗaya, a ja layi a ƙarƙashin wani ɓangarenta ko ita duka, sannan a jera masa zaɓi biyar ya fitar da wanda ya fi dacewa da nahawu da ma'ana. Jarrabawar GMAT ce ta sa wannan nau'i ya yi suna, amma tun farkon 2024 babu shi a cikinta. Don haka mai lisans daga jami'ar Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa da ke shirin neman makaranta a waje yana buƙatar sanin inda tambayoyin suka rage kafin ya sayi littafi ko ya biya kuɗin darasi.

Asalinsu a GMAT

Hukumar GMAC, mai cibiya a Reston cikin jihar Bajiniya ta Amurka, ita ce mai jarrabawar GMAT. An fara yin ta a 1954 da wani suna, ta samu sunanta na yanzu a 1976, sannan a 1997 ta koma kan kwamfuta, inda wahalar tambaya ke ƙaruwa ko raguwa gwargwadon amsoshin ɗalibi. Da Ingilishi ake yin ta.

A tsohon tsarin, sashen harshe yana da tambayoyi 36 cikin minti 65, kuma wajen kashi ɗaya cikin uku gyaran jimla ne. Sauran su ne fahimtar rubutu da auna hujja. Zaɓin farko kullum maimaita jimlar yake yi yadda aka ba da ita, domin wani lokaci babu kuskure a cikinta. Maki yana tashi daga 200 zuwa 800.

Canjin 2023 da 2024

Ranar 7 ga Nuwamba 2023 aka fara sabon tsari mai suna Focus Edition, tsohon kuma ya tsaya a ƙarshen Janairu 2024. Sabon yana da sassa uku, kowanne minti 45: lissafi tambayoyi 21, harshe 23, nazarin bayanai 20. Jimilla tambayoyi 64 cikin awa biyu da kwata, maki daga 205 zuwa 805. An cire rubutun insha'i, an kuma cire gyaran jimla gaba ɗaya. Sakamakon yana aiki tsawon shekara biyar.

Wannan na nufin littattafan shiri da aka buga kafin 2023, waɗanda har yanzu ke yawo hannu da hannu da kuma ta wayoyin salula, suna ɗauke da ɗaruruwan tambayoyin da mai zana GMAT ba zai gamu da su ba. A 2024 kuɗin zama ɗaya a cibiyar jarrabawa a Amurka dala 275 ne, wato fiye da jaka ɗari da hamsin na sefa, don haka shiri a kan tsarin da ya shuɗe asara ce ta kuɗi da ta watanni.

Inda suka rage

Na farko ita ce Executive Assessment, wadda GMAC ta fito da ita a 2016 domin ma'aikata masu gogewa da ke neman MBA ba tare da barin aiki ba. Tambayoyi 40 ne cikin minti 90, maki daga 100 zuwa 200. Sashen harshe yana da tambayoyi 14 cikin minti 30, kuma gyaran jimla na cikinsu.

Ta biyu, wadda ta fi kusa da wanda ya yi karatunsa da Faransanci, ita ce TAGE MAGE ta gidauniyar FNEGE ta Faransa. Makarantu irin su HEC da ESSEC suna karɓar ta a wasu shirye-shiryensu na masta. Tana da sassa shida, kowanne tambayoyi 15 cikin minti 20, maki bisa 600. Sashe na biyar na sarrafa harshe ne: gano kuskuren nahawu da na rubutu, sake faɗin magana ba tare da canza ma'ana ba, da zaɓen kalmar da ke haɗa jimloli. Daƙiƙa 80 ke ga kowace tambaya.

Jarrabawar GRE kuwa ba ta da gyaran jimla. Cike gurbi da zaɓen kalmomi take tambaya. TOEFL da IELTS na auna iya Ingilishi ne, kuma makaranta na iya neman ɗayansu ban da GMAT.

Kurakuran da ake ɗanawa

Kurakuran ba su da yawa, sutura kawai suke canzawa. Galibinsu ana iya ganin kwatankwacinsu a Hausa.

Daidaiton aikau da aikatau. "Jerin sunayen ɗaliban sun fito" kuskure ne, domin jerin ne ya fito. Masu shirya tambaya sukan cusa dogon bayani tsakanin aikau da aikatau don a manta wane ne mai aikin.

Bayanin da ya manne wa wanda ba nasa ba. A "Da ya gama lisans, kamfanin ya ɗauki matashin aiki", ginin jimlar ya sa kamfani ne ya yi karatun. A Ingilishi dole wanda aka siffanta ya biyo bayan waƙafi nan take.

Jerantawa. "Tana saye, sayarwa da ta ajiye riba" ta karye a na uku. Abubuwan da aka jera sai su zo da siga ɗaya.

Kwatance. "Farashin gero a Maraɗi ya fi Tawa" ta gwada farashi da gari. Daidai shi ne "ya fi na Tawa".

Wakilin suna. "Manajan ya gaya wa akawun cewa ya yi kuskure": ba a san wanda ya yi ba.

Akwai kuma tarkon da ya keɓanci mai tunani da Faransanci. Kalmar *depuis* tana tafiya da lokacin yanzu, amma *since* na Ingilishi tana neman sigar *has worked*, ba *works* ba. *Information* da *advice* ba sa ɗaukar alamar jam'i. A TAGE MAGE kuma ana yawan ɗana daidaiton aikatau da karɓau idan ya gabaci *avoir*, da *après que* wadda ba ta ɗaukar sigar da *avant que* ke ɗauka, da maimaita ma'ana irin *monter en haut*.

Yadda ake atisaye

Ana fara karanta jimlar duka har a gane abin da take son faɗa. Sannan a tsame aikau da aikatau, a ajiye bayanan tsakiya gefe. Daga nan a dubi zaɓin biyar a tsaye, a nemo wurin da suka rabu, misali uku da tilo biyu da jam'i. Yanke hukunci a wannan wuri ɗaya yakan zubar da biyu ko uku lokaci guda. Wanda ya rage sai a mayar da shi cikin jimlar a karanta daga farko, domin zaɓi na iya gyara nahawu ya ɓata ma'ana.

Dogaro da kunne kaɗai ba ya isa, musamman ga wanda Ingilishi ne harshensa na uku. Amsar da ta dace sau da yawa ba ta da daɗin ji. Ita ce dai wadda ba ta da aibu a cikin biyar ɗin. Idan biyu sun yi kunnen doki a nahawu da ma'ana, gajeriyar ake fifitawa.

Littafin kurakurai yana da amfani: kowace tambayar da aka faɗi, a rubuta irin kuskuren da dalilin da ya sa kowane zaɓi huɗu bai yi ba. Tambayoyi goma da aka tona haka sun fi hamsin da aka wuce a guje. Agogo yana shigowa ne daga baya, bayan ƙa'idojin sun zauna, kuma tambayoyin da hukumar jarrabawar ta wallafa da kanta su ne ma'auni mafi aminci.

Ga mai zana GMAT ta yanzu, tsofaffin tambayoyin ba za su kawo maki kai tsaye ba. Suna dai taimakawa wajen warware dogayen jimlolin sashen fahimtar rubutu, da wajen rubuta wasiƙar neman gurbi. Matakin farko a kowane hali shi ne duba shafin intanet na makarantar da ake nema, a ga jarrabawar da take karɓa a wannan shekarar da harshen da ake koyarwa da shi.